Darasin Mako: Baƙar Ƙurar Fatakwal da Iskar da Muke Shaƙa

 

Ruwa ya fara ɗaukewa, hunturu ya kawo kai. Duk wanda ya kwana biyu a Fatakwal ya san abin da ke biyo baya. Ka tashi da asuba ka yi alwala, ka shaƙa ruwa ka fyace, sai ka ga baƙi. Uwargida ta share ɗaki da daddare, gari na wayewa tafin ƙafar yara ya koma kamar gindin tukunya. Farar shaddar da aka shanya don Juma'a sai an sāke ɗauraye ta. Masu sharar masallacin nan ma za su ba da labari, don su ke ganin ruwan da ke fita daga shimfiɗu in an wanke.

Da yawanmu in an yi maganar sai mu ce, "Ai ƙura ce. Mu da muka tashi cikin hazo, wace ƙura za ta ba mu tsoro?" Wannan maganar ce ta sa muka ware darasin wannan mako. Abin da ke sauka a kan rigunanmu shi ne dai ke sauka a cikin ƙirjinmu. Riga ana wanke ta, huhu kuwa ba a cire shi a kai wa mai wanki. Don haka mu natsu mu san mene ne wannan abu, daga ina yake fitowa, me yake yi mana, sannan wane ɓangare ne yake hannunmu.

Iskar da ke kanmu ba ta kai yawan da muke zato ba

In mutum ya ɗaga kai ya dubi sama sai ya ɗauka ba ta da iyaka, duk hayaƙin da aka tura can ya tafi ke nan. Ba haka abin yake ba. Iskar da ta lulluɓe duniya kamar mayafi take, kuma mayafin ba shi da kauri. Kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinta yana cikin kilomita 11 na farko daga ƙasa. Kusan dukkanta, wato kashi 99 cikin 100, ba ta wuce kilomita 32 ba, kamar rabin tafiyar Fatakwal zuwa Aba ke nan. A cikin wannan ɗan tsakanin girgije yake haɗuwa, ruwa yake zuba, kuma a cikinsa hayaƙin kowa yake tsayawa.

Iska mai tsabta kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ne, kashi 21 oksijin, wanda shi jiki yake buƙata, sauran ɗan abin da ya rage kuma wasu iskoki ne. Babban mutum yakan ja numfashi wajen sau 20,000 a yini da kwana, ya shigar da iska kimanin lita 11,000. Direbobinmu sun san tanka mai lita 33,000. To, duk kwana uku kowannenmu yana shaƙar cikin tanka guda. Abinci in ka ga bai yi maka ba sai ka ture kwano. Ruwa in ya yi dauɗa sai ka sayi na leda. Iska kuwa ba ta zaɓuwa, wadda ke gaban hancinka ita za ka ja.

Hazon gida daban, baƙar ƙura daban

Hazon da muka sani a arewa ƙasa ce da iskar hunturu take kwasowa daga Sahara, musamman daga wani kwari da ake kira Bodele a arewacin Chadi, inda a dā can ruwan tafki ne. Launinsa fari ne ko ja-ja. Shi ma ba lafiya ba ne, yana busar da maƙogwaro, yana tayar wa masu asma da ciwonsu, kuma yakan iso har nan kudu.

Baƙar ƙurar Fatakwal ba ƙasa ba ce. Kunkunniya ce, irin wadda ke taruwa a rufin madafa inda ake girki da itace, sai dai ita wannan daga ɗanyen mai da taya da roba take fitowa. Duk abin da ya ci wuta bai ƙone sarai ba yakan bar baƙin gawayi mai laushi ƙwarai. A jikin wannan gawayi wasu sinadarai masu guba suke maƙalewa, cikinsu har da waɗanda aka tabbatar suna haddasa ciwon daji. Shi ya sa in ka shafa ta da yatsa sai ka ji maiƙo-maiƙo, in ka goge da tsumma ta ƙara shafewa.

Wadda muke gani a kan mota da taga ita ce mai girma, ita ce ta yi nauyi ta faɗo. Mafi haɗari ita ce wadda ido ba ya gani. Masana suna kiran ta PM2.5. In ka ɗauki gashin kai sili ɗaya, sai an jera irin waɗannan ƙwayoyi wajen talatin kafin su kai faɗinsa. Manyan ƙwayoyi gashin hanci da majina suna tare su, shi ne baƙin da muke fyacewa. Ƙananan kuwa wucewa suke yi har can ƙasan huhu, mafi ƙanƙanta a cikinsu ma su ratsa su shiga jini. Saboda haka ranar da ba ka ga baƙi a rigarka ba, ba shi ke nuna iska ta yi tsabta ba.

Daga ina take fitowa?

Waɗanda suka daɗe a garin nan za su tuna cewa a ƙarshen shekarar 2016 abin ya fito fili. A farkon 2017 gwamnatin Jihar Ribas ta kafa kwamitin aiki a kai, a 2018 kuma mutanen gari suka yi tattaki a tituna suna neman a kawo ƙarshen abin.

Babban tushensa shi ne tace ɗanyen mai ta ɓarauniyar hanya, abin da mutanen nan suke kira kpofire. Yadda ake yi shi ne, a fasa bututu a ɗebi ɗanyen mai, a kai shi cikin surƙuƙin daji a bakin ruwa, a zuba a manyan tankunan ƙarfe da aka yi wa walda, a hura wuta a ƙarƙashi. Tururin da ya tashi sai ya bi ta bututun da aka ratsa cikin ruwa ya huce, ya ɗiga ya zama fetur da kananzir da gas. Wutar da ake hurawa sau da yawa da ɗanyen man ko da dagwalon da ya rage ake ciyar da ita, shi ya sa hayaƙinta yake tashi baƙi ƙirin. Galibi da dare ake aikin don kada a gani. Dagwalon da ya saura kuma a tuttular da shi a ƙasa ko a ruwa.

Na biyu, in jami'an tsaro suka kama irin waɗannan wurare, ko jiragen ruwa da motocin da aka loda wa man sata, an sha cinna musu wuta a inda aka same su. An hana ɓarna ɗaya, amma hayaƙin a kanmu yake sauka.

Na uku, wutar gas da kamfanonin mai suke ƙonawa dare da rana, wadda duk mai bin hanya da daddare yake hango jan haskenta. Tun 1979 aka yi dokar da ta ce daga 1984 a daina ƙona shi sai da izini na musamman, amma har yau Najeriya tana cikin ƙasashe goma da suka fi kowa ƙona gas a banza.

Na huɗu shi ne na cikin gari: hayaƙin tireloli da tankoki a hanyar Eleme da Onne, cunkoson motoci a Rumuokoro da titin Ikwerre da titin Aba, janaretan da ke ƙofar kowane shago, bolar da ake cinna wa wuta, da tayoyin da ake babbaka da su. Wannan na huɗun mu riƙe shi, za mu komo kansa.

Me ya sa ta fi yawa da asuba, kuma da hunturu?

Da rana, zafin rana yana gasa ƙasa, iskar da ke kusa da ƙasa ta yi ɗumi ta yi sama, ta tafi da hayaƙi ta watsa shi. Da dare kuwa ƙasa takan huce, iskar da ke kanta ta yi sanyi ta yi nauyi ta kwanta, mai ɗumi ta zauna a bisanta kamar an kife tukunya da murfi. Duk hayaƙin da aka saki cikin dare a ƙarƙashin murfin nan yake taruwa, ba ya samun hanyar fita sai rana ta ɗaga. Wanda ya tashi a ƙauye ya san wannan: da sanyin safiya hayaƙin murhu ba ya miƙewa sama, shimfiɗewa yake yi a kan gidaje kamar an ja zare.

Ka haɗa wannan da cewa masu kpofire da dare suke aiki, janaretoci ma da dare suka fi ruri, sai ka gane dalilin da ya sa asuba ta fi kowane lokaci baƙi. Kuma a daidai lokacin ne muke fitowa masallaci, masu gwari suke sauke kaya, masu shayi suke hura wuta, yara suke shirin makaranta.

Da damina ruwan sama yana wanke iska, yana kakkaɓo ƙurar zuwa ƙasa. Da ya ɗauke sai mai wankin ya tafi hutu, hazon arewa kuma ya sauko ya haɗu da hayaƙin kudu. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris ke nan, watannin da muke shiga yanzu.

Abin da take yi wa jiki

Na kusa kowa ya sani: ido ya yi ja yana ƙaiƙayi, maƙogwaro ya yi kaushi, mura ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, mai asma ya kwana zaune. Na nesa shi ne wanda ba mu cika dangantawa da iska ba. Ƙananan ƙwayoyin nan suna sa hanyoyin jini su kumbura su ƙuntata, jini ya riƙa saurin daskarewa. Daga nan sai hawan jini, bugun zuciya, da shanyewar ɓarin jiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 gurɓatacciyar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 a duniya, kuma kusan kashi 89 cikin 100 nasu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke. Abin da zai ba mutum mamaki, wajen kashi biyu cikin uku na waɗannan mace-mace ba ciwon huhu ba ne, ciwon zuciya ne da shanyewar ɓarin jiki. Tun 2013 sashen hukumar mai binciken ciwon daji ya sa gurɓatacciyar iskar waje cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna kawo cutar, shekara guda bayan ya sa hayaƙin injin gas a jerin. A 2021 kuma hukumar ta rage ma'aunin PM2.5 da take ganin ba a so a wuce a shekara, daga 10 zuwa 5, don an gano ko kaɗan ɗin ma yana cutarwa.

Ba kowa take kamawa daidai ba. Yara sun fi shan wahala, don numfashinsu ya fi namu sauri, huhunsu bai gama girma ba, kuma tsayinsu daidai bakin salansar mota yake. Ciwon nimoniya, wanda yake cikin manyan masu kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙasar nan, yana samun ƙofa a ƙirjin da hayaƙi ya raunana. Mai juna biyu in tana yawan shaƙa, akwai haɗarin ta haihu kafin lokaci ko jaririn ya zo ba nauyi. Sai dattawa, da masu hawan jini ko ciwon suga. Sai kuma wanda sana'arsa ta ajiye shi a bakin titi tun safe har dare: mai tireda, mai gyaran takalmi, mai tura baro, ɗan keke, mai gadi. Mu duba da kyau, wannan jerin sana'o'in su wa ya fi kama da su? Mu ne.

Abin da take yi wa sararin sama

Hayaƙi ba a ƙirji kaɗai yake aiki ba, yana sauya ita kanta samaniyar. Abu na farko, yana dusashe haske. Ranar da abin ya yi yawa sai ka ga gari ya yi duhu-duhu kamar hadari ya haɗo alhali babu ruwa.

Na biyu, yana ɓata ruwan sama. Ɗanyen mai da gas suna ɗauke da farar wuta. In sun ƙone sai ta tashi ta haɗu da damshin da ke cikin girgije ta zama asid mai rauni, ya dawo mana cikin ruwa. Wannan ruwa mai tsami, tare da gishirin iskar teku, yana cikin abin da ke sa kwanon rufi ya yi tsatsa da wuri a wannan yanki, ga shi yana raunana ƙasar noma da ruwan da kifi ke ciki. Ruwan farko na shekara kuwa kowa ya ga yadda yake sauka baƙi daga indararo. Wankin sama ne da na rufi a haɗe.

Na uku, yana ƙara zafi. Kowa ya san baƙar riga ta fi fara jan rana. Haka baƙin gawayin nan yake yi a sama, yana kama zafin rana yana ɗumama iskar da ke kewaye da shi. Sai dai shi ba ya daɗewa, kwanaki ne zuwa 'yan makonni ya sauko. Abokin tafiyarsa, iskar kabon dayoksaid da kowace wuta take fitarwa, ita ce mai naci, wani kasonta yakan yi ɗaruruwan shekaru a sama yana tare zafin da ya kamata ya fita. Kafin zamanin masana'antu akwai kimanin 280 nata a cikin kowane miliyan na iska, yau ta haura 420. Gaskiya ne Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na abin da duniya ke fitarwa, amma in ɗumamar ta tashi aiki ba ta tambayar wa ya hura wutar. Ba mu manta ambaliyar 2022 ba, lokacin da motocin kaya suka yi kwanaki a tsaye a wajen Lokoja, ruwa ya yanke hanyar Bayelsa ta wajen Ahoada, tumatir da albasa suka ruɓe a mota. Masana sun ce ɗumamar yanayi ta ƙara yiwuwar irin ruwan da aka yi a waccan shekara.

A nan akwai abin ƙarfafa gwiwa. Tunda baƙin gawayin ba ya daɗewa a sama, in aka kashe wutar da ke haifar da shi, cikin 'yan kwanaki ake ganin bambanci. Mun gani da idonmu a farkon 2022, lokacin da gwamnan wancan lokaci, Nyesom Wike, ya sa aka shiga rushe wuraren kpofire. Ba a daɗe ba mutane suka fara cewa gari ya washe. Abin bai tafi gaba ɗaya ba, amma ya nuna mana cewa wannan baƙi ba halittar garin ba ce, aikin hannun mutane ne.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari

Yanzu mu komo kan na huɗun nan. Ba mu muke fasa bututu ba, ba mu muke ƙona gas ba. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya a cikin gida.

Gas mai araha da ake kawowa gareji cikin jarka da buhunan leda, wanda ba a tambayar daga ina ya fito, wa yake saye? Mai dafa man nan ba zai kwana a daji yana wasa da ransa ba in babu mai saye. A watan Afrilun 2022 wani wurin tace mai ya yi bindiga a kan iyakar Imo da Ribas, mutum fiye da 100 suka ƙone. Duk jarkar da muka saya mun ƙara itace a irin wannan wuta. Ga shi man ba a tace shi da kyau ba, yana kashe nozul da famfon mota, yana sa ta tuƙa hayaƙi. Abin da aka rage a farashi sai a biya shi wurin bakanike. Kananzir ɗinsa kuwa yakan zo gauraye da fetur, shi ne ake jin risho ko fitila ta fashe a hannun mace. Araha dai ba ta ado.

'Yan'uwanmu mahauta da masu babbakar kai da ƙafa da ganda, mun san taya ta fi itace araha kuma wutarta ta fi ci. Amma wanda ya fi kowa shan hayaƙin shi ne yaron da ke tsaye a kanta tun safe, sau da yawa ɗan wani ne da aka ba mu amana daga gida. Gubar kuma tana maƙalewa a fatar da za a kai kasuwa mutane su ci. Masu sana'ar gwangwan da ke ƙona waya don su fitar da jan ƙarfe, hayaƙin robar nan yana cikin mafi muni. Masu gadi da ke hura taya ko roba don jin ɗumi, da direban da zai bar tirela tana ruri awa guda alhali a tsaye take, da mu masu tara shara da leda mu cinna mata wuta da magariba, daidai lokacin da murfin nan yake rufuwa, duk muna ciki.

Ba muna faɗar wannan don a kunyata kowa ba ne. Kowa abinci ya fito nema, kuma mun san halin da ake ciki. Amma hayaƙin da ya fi cutar da kai shi ne wanda ya fi kusa da hancinka. Na daji sai ya yi tafiyar kilomitoci kafin ya iso, na ƙofar shago kuwa kai tsaye yake shiga. Ga kuma haƙƙin maƙwabci, wanda bai ci ribar sana'arka ba amma yana shan hayaƙinta.

Abin da za mu iya yi

A gida: a rufe tagogi daga tsakar dare zuwa hantsi a watannin nan, a buɗe su da rana lokacin da iska ta ɗaga. A daina share ɗaki da busasshiyar tsintsiya, tayar da ƙurar take yi. A yi amfani da jiƙaƙƙen tsumma. A rufe abinci da ruwan sha. Kada a sha ruwan farko da aka tara daga rufi, kada a yi girki da shi. Yara su wanke hannu kafin cin abinci. Jarirai da tsofaffi kada a fito da su da sassafe in ba dole.

Janareta ya zauna a waje, nesa da taga da ƙofa, salansa na kallon inda ba mutane. Kada a taɓa kwana da shi a ɗaki, ko a baranda da aka rufe, ko a cikin shago, ko da tsoron ɓarawo ne. Yana fitar da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mutane cikin barci. An sha wayar gari a ƙasar nan a tarar da iyali guda sun tafi ta wannan hanya.

A wurin sana'a: in da hali a ja tebur baya daga bakin kwalta, ko taku goma yana rage wani abu. Mai tsire da mai shayi su tsaya ta inda iska ke fitowa, hayaƙi ya bi gaba. A kashe mota in ana jiran lodi. Masu babbaka su haɗa kuɗi su gwada wutar gas, ko itace, ko ruwan zafi da kankara. Masu waya su feƙe robar da wuƙa maimakon ƙonawa. Masu kayan ci, kilishi ne ko gari ko dabino, a rufe da leda ko gilashi.

Takunkumi: hankici da bakin rawani da gefen hijabi suna tare manyan ƙwayoyi ne kawai. Wanda ke tare ƙananan shi ne mai lamba N95 ko KN95, irin wanda muka sani lokacin korona, shi ma sai ya kama fuska ba tare da iska na shiga ta gefe ba. In ya yi baƙi ko numfashi ya fara wuya a cikinsa, a sauya.

Sai maganar madara. Da yawa mun yarda cewa in an sha hayaƙi sai a kora da madarar gwangwani ko manja, wai tana wanke ƙirji. 'Yan'uwa, madara ciki take tafiya, hayaƙi kuwa huhu ya shiga, hanyarsu ba ɗaya ba ce. A sha madara don abinci ce mai kyau, amma ba ta wanke komai.

Asibiti: tarin da ya wuce mako biyu a je a gwada, kada a ce baƙar ƙura ce kawai. Yana iya zama tarin fuka, kuma gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Yaron da ke numfashi da sauri, ko haƙarƙarinsa na shiga ciki in ya ja iska, ko ya kasa shan nono, a kai shi a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Mai asma ya riƙa yawo da abin shaƙarsa. Wanda ya haura shekara arba'in ya riƙa auna jininsa ko da yana jin garau.

Wasu sun shiga, sun fita

Kada mu ɗauka haka za a dawwama. A watan Disambar 1952 irin murfin nan ya rufe birnin Landan kwana biyar, hayaƙin kwal ya taru har mutum ba ya ganin gabansa da rana tsaka. Shanun da aka kawo wurin baje koli ma sai da wasunsu suka mutu. Lissafin farko ya nuna mutum wajen 4,000 sun rasu, daga baya bincike ya kai adadin kusan 12,000. Mutanen gari ba su yi shiru ba, a 1956 aka yi dokar tsabtace iska, aka hana ƙona kwal mai hayaƙi a unguwanni da dama, sannu a hankali irin wannan duhu ya zama labari. Haka nan fetur mai dalma, wanda yake daƙushe ƙwaƙwalwar yara: ƙasashenmu na kudu da Sahara sun daina shi a farkon 2006, duniya gaba ɗaya ta rabu da shi a 2021.

Mu baƙi ne a garin nan, amma huhunmu ba baƙo ba ne, iska ɗaya muke ja da mai gari. In maƙwabta sun tashi maganar bola ko hayaƙi a unguwa, kada mu ce ba ruwanmu. Shugabannin kasuwa da na gareji da sarakunan Hausawa su sa wannan batu cikin abin da suke kai wa hukuma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mun baro gida ne don mu koma da abin da zai amfani iyali, kada mu tara kuɗin a nan mu je mu ƙarar da su a gadon asibiti a can.

Tambayoyin bita, a tattauna da iyali bayan cin abincin dare:

1. Mene ne bambancin hazon hunturu da baƙar ƙurar Fatakwal?
2. Me ya sa iska ta fi ɓaci da asuba fiye da azahar?
3. A gidanmu wa ya fi shiga haɗari, kuma me za mu sauya saboda shi?
4. Wane hayaƙi ne yake fita daga gidanmu ko wurin sana'armu, wanda za mu iya kashewa daga wannan mako?

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a kuma kai takardar nan cikin gida don iyaye mata su gani. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya raya mana zuriya, ya sa albarka a nemanmu, ya mai da kowa gida lafiya. Sai Juma'a mai zuwa in Allah ya kai mu.